Koyon Gani Kafin Koyon Zane: Darussan Tushe a Sashen Zane da Zayyana

Gabatarwa

Mutane da yawa sun ɗauka cewa zane baiwa ce kawai, wanda aka haifa da ita ya iya, wanda bai samu ba kuwa sai ya haƙura. Wannan fahimta ce take sa wasu iyaye, har ma da wasu malamai, suke ganin yaron da ya ce zai karanta zane a jami'a ya zaɓi wasa ya bar karatu. Sai dai duk wanda ya leƙa ɗakin aikin ɗaliban shekarar farko a sashen zane na jami'a ko kwaleji zai tarar da abin da bai zata ba. Zai ga ɗalibai sun kewaye tulu guda da kwali da tsohuwar kujera, kowa ya miƙe hannu riƙe da fensir, ya rufe ido ɗaya yana awo. A wani ɗakin kuma zai ga ana yayyanka takardu masu launi ana mannawa, ko ana zana layuka a jere har shafi ya cika.

Waɗannan ayyuka su ake kira darussan tushe. Kowane ɗalibi sai ya bi ta cikinsu kafin ya zaɓi fannin da zai ƙware a kai, ko fenti, ko sassaƙa, ko ginin tukwane, ko zanen tufafi, ko kuma fasahar tsara hoto da rubutu don isar da saƙo, wadda ake kira girafik. Babbar manufarsu ita ce horar da ido, domin hannu ba ya iya zana abin da ido bai lura da shi ba. Abin da ake koyarwa a cikinsu kuwa yana da saiwa a ilimin haske da ilimin ido da lissafi da nazarin yadda ƙwaƙwalwa take fahimtar abin da aka gani.

Asalin wannan tsari

A makarantun zane na Turai na da, irin wadda aka kafa a Faransa a shekarar 1648, kwaikwayo shi ne hanyar koyo. Ɗalibi yakan fara da kwafar zanen magabata, sa'an nan ya zana mutum-mutumin da aka zuba da farar ƙasa, daga ƙarshe a ba shi damar zana mutum mai rai. Wanda ya fi kowa kwaikwayo shi ne gwani.

An sami babban sauyi a shekarar 1919, lokacin da wani masanin tsara gine-gine mai suna Walter Gropius ya kafa makarantar Bauhaus a garin Weimar na ƙasar Jamus. Burinsa shi ne ya haɗa mai zane da mai sana'ar hannu a ƙarƙashin inuwa ɗaya. A wannan makaranta ne Johannes Itten ya tsara darasin share fage na wata shida, wanda daga shekarar 1920 ya zama tilas ga kowane sabon ɗalibi. Itten yakan sa ɗalibai su tattaro itace da ƙarfe da gilashi da ulu da fata, su shafa, su ji kaushi da santsinsu, su jera su bisa saɓaninsu, wato mai nauyi da marar nauyi, mai haske da mai duhu, mai tsini da mai dakushi.

Da Itten ya bar makarantar a 1923, sai László Moholy-Nagy da Josef Albers suka gaje shi. Albers ya yi suna wajen darasin takarda. Yakan bai wa ɗalibai takarda zalla, ya nemi su naɗe ta ko su lanƙwasa ta har ta tsaya da kanta ko ta ɗauki nauyi, ba tare da an yi asarar komai daga cikinta ba. Darasin da ke ciki shi ne kowane abu yana da halinsa, kuma dole mai aiki ya san halin kayan aikinsa kafin ya umarce su.

An rufe Bauhaus a 1933 saboda matsin gwamnatin 'yan Nazi, malamanta suka watsu. Albers ya tafi Amurka a wannan shekara, daga baya ya koyar a Jami'ar Yale, Moholy-Nagy kuma ya buɗe sabuwar makaranta a Chicago a 1937. Ta haka tsarin darussan tushe ya bazu, har ya zama ruwan dare a makarantun zane na duniya.

Ido yana gani, ƙwaƙwalwa tana gyarawa

Darasi na farko shi ne zana abin da ke gaban mutum. A ido kamar abu ne mai sauƙi, amma a nan ne sabon ɗalibi yake fara cin karo da wata matsala ta halitta. Idan aka ajiye faranti a kan tebur, surar da take faɗawa a tantanin bayan ido ba da'ira ba ce, siffar ƙwai ce shimfiɗaɗɗiya. Amma da yake ƙwaƙwalwa ta san faranti zagayayye ne, sai ta gyara saƙon, ɗalibi kuma ya zana abin da ya sani maimakon abin da ya gani. Haka nan idan aka ce ya zana fuskar mutum, yakan sa idanu can sama kusa da gashi, alhali kuwa in an auna, idanun baligi suna wajen tsakiyar kai ne, tsakanin haɓa da tsakar ka. Dalili shi ne ƙwaƙwalwa ta fi kula da ido da hanci da baki, saboda haka ta ba su fili fiye da rabonsu, ta tauye goshi.

Wannan gyara da ƙwaƙwalwa take yi yana da amfani ƙwarai a rayuwa, domin shi ne yake sa a gane mutum ko yana nesa ko yana kusa, a gane farar riga ko da rana ko da almuru. Ga mai zane kuwa tarko ne. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, aikin malamin zane shi ne ya matso da wannan kima kusa da awon gaskiya. Hanyoyin da ake bi sanannu ne. Ɗalibi yakan miƙe hannu sosai, ya rufe ido ɗaya, ya auna tsayin tulu a jikin fensir da babban yatsa, sa'an nan ya duba sau nawa wannan awo ya shiga faɗinsa. Akan sa shi ya zana abu ba tare da ya kalli takarda ba, idonsa na bin gefen abin a hankali, hannunsa na biye. Akan kuma hana shi zana kujera, a ce ya zana sararin da ke tsakanin ƙafafunta. Da yake ƙwaƙwalwa ba ta da wani suna ko sura da ta ajiye wa wannan sarari, ba ta da abin gyarawa, sai ga kujera ta fito daidai.

Ƙa'idar nesa da kusa

Mataki na biyu shi ne nuna zurfi a kan takardar da ba ta da zurfi. Tushen wannan ilimi yana komawa ga Alhasan Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya kuma yi aikinsa a Alƙahira. A littafinsa Kitabul Manazir, ya tabbatar da cewa haske ne yake tasowa daga abu ya shiga ido, yana tafiya a miƙe, saɓanin masu cewa ido ne yake fitar da haske. Ya kuma yi bayanin cewa gani ba ya kammala sai hankali ya yi hukunci a kan abin da ido ya kawo. An fassara littafin zuwa Latin, ya zama abin karatu a Turai.

A farkon ƙarni na 15, Filippo Brunelleschi ya nuna a birnin Florence na Italiya yadda za a zana gini bisa lissafi har ya dace da abin da ido yake gani, Leon Battista Alberti kuma ya rubuta ƙa'idojin a 1435. Ƙa'idar a taƙaice ita ce: girman abu a ido yana raguwa gwargwadon nisansa. Mutumin da yake nisan mita 20 yakan bayyana rabin tsayin wanda yake nisan mita 10, in dai tsayinsu ɗaya ne. Saboda haka layukan da suke tafiya kafaɗa da kafaɗa, kamar ƙarafan hanyar jirgin ƙasa, sukan yi kamar sun haɗu a wani ɗigo can nesa, wannan ɗigo kuma yana kan layin da ya yi daidai da tsayin idon mai kallo. Ɗalibin da ya riƙe wannan zai iya zana ɗaki ko titi ko injin da ba a ƙera ba tukuna, kowa ya gane shi.

Ana kuma sanar da ɗalibi cewa wannan hanya ɗaya ce daga cikin hanyoyi. Masu zanen Sin da na Farisa sun nuna sarari ta wasu hanyoyin daban, kuma injiniyoyi suna da nasu salon da layuka ba sa haɗuwa, domin a iya ɗaukar awo kai tsaye daga zanen.

Haske da launi

Babu darasin da ya fi kusa da ɗakin gwajin kimiyya kamar darasin launi. A shekarar 1666 Isaac Newton ya ratsa hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku, ya ga ya rabu zuwa launukan bakan gizo, ya kuma nuna cewa in an sake tattara su sukan koma fari. Wato farin haske gamayyar launuka ne. A farkon ƙarni na 19 Thomas Young ya kawo ra'ayin cewa ido yana da na'urorin karɓar launi iri uku kacal, bincike na baya kuma ya gaskata shi. A tantanin bayan ido akwai ƙwayoyin halitta iri uku masu jin launi, wasu sun fi amsa haske mai gajeren zango, wasu matsakaici, wasu mai dogo. Duk launin da mutum yake gani, daga kwatanta amsar waɗannan uku ƙwaƙwalwa take samar da shi.

Daga nan ne ɗalibi yake gane cewa haɗa launi iri biyu ne. Idan haske ake haɗawa, kamar a fuskar talabijin ko wayar hannu, tushen launuka su ne ja da kore da shuɗi, kowane ƙari yana ƙara haske, haɗuwar ukun kuma tana ba da fari. Idan kuwa fenti ko tawada ake haɗawa, al'amarin ya juya. Kowane fenti yana shanye wani sashe na haske ne ya maido da saura, saboda haka kowane ƙari yana rage haske, har a kai ga launin toka mai duhu. Wannan ne ya sa injin buga littattafai yake aiki da tawada huɗu: rawaya, da shuɗi mai ratsin kore, da ja mai ratsin shunayya, da baƙi. Shi ne kuma dalilin da ya sa hoton da ya yi sheƙi a kwamfuta yakan dusashe in an buga shi a takarda. Marinan Ƙofar Mata a Kano sun daɗe da sanin wannan a aikace, domin duk tsomawar da aka ƙara wa zane a ruwan baba, duhu yake ƙarawa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ban mamaki. A shekarar 1824 aka naɗa wani masanin sinadarai, Michel-Eugène Chevreul, shugaban sashen rini a masaƙar Gobelins da ke Paris. Masaƙa sun yi ta kukan cewa baƙin zaren da ake rina musu ba ya da ƙarfi. Da ya bincika sai ya tarar rinin ba shi da laifi, launukan da suke maƙwabtaka da baƙin ne suke sauya kamanninsa a ido. Ya wallafa sakamakon bincikensa a 1839. A kan wannan tushe ne Albers ya gina darussansa na launi, waɗanda ya tattara a littafin da ya fito a 1963. Ya fi son ɗalibai su yi aiki da takardu masu launi maimakon fenti, domin takarda guda in an raba ta biyu babu shakka launinta ɗaya ne, duk bambancin da aka gani daga ido ya fito.

Malami zai iya gwada wannan a aji ba tare da kashe kuɗi ba. A yanko ƙananan gutsattsari biyu daga takarda guda mai launin toka, a ɗora ɗaya a tsakiyar farar takarda, ɗaya a tsakiyar baƙa. Na kan baƙar zai yi haske, na kan farar zai yi duhu, ɗalibai ba za su yarda abu ɗaya ba ne sai an haɗa su gefe da gefe. Gwaji na biyu kuma, a ƙura wa jan kwali ido na daƙiƙa 30, sa'an nan a mai da ido kan farin bango. Za a ga inuwar kwalin cikin launin kore mai ratsin shuɗi, domin ƙwayoyin da suka fi amsa ja sun gaji na ɗan lokaci, sauran suka rinjaye su.

Tsara hoto da rubutu

Ɗalibin girafik yana ɗaukar duk waɗannan darussa ya yi aiki da su wajen isar da saƙo, ko a bangon littafi, ko a allon hanya, ko a kwalin magani. A nan kuskure yana da tsada. Idan adadin ƙwayar da za a sha ya ɓuya a cikin ƙananan haruffa, ko alamar haɗari ta saje da launin da ke bayanta, lafiyar mutum ce take cikin garari.

Ƙa'idojin da yake dogara da su sun fito ne daga binciken wasu masana halayyar ɗan Adam na Jamus, musamman Max Wertheimer, wanda ya bayyana a 1923 yadda ido yake tara abubuwa rukuni-rukuni. Abubuwan da suke kusa da juna akan ɗauke su 'yan gida ɗaya, haka ma waɗanda suka yi kama. Saboda haka tazarar da aka bari tsakanin kanun labari da sakin layi tana magana kamar yadda kalmomi suke yi. Ana koya wa ɗalibi ya yanke shawarar abin da ido zai fara gani, da na biyu, da na uku, ta hanyar girma da kauri da wuri. Ana kuma gargaɗinsa kada ya ɗora saƙo a kan launi kaɗai, domin akwai mutanen da ba sa bambance ja da kore, galibinsu maza. Irin waɗannan mutane matsayin fitilar kan hanya suke karantawa, ja a sama, kore a ƙasa.

Wani babban darasi shi ne ragewa. Tutar Nijeriya misali ce a kusa. Zanen da Michael Taiwo Akinkunmi ya gabatar a gasar 1959, yana ɗalibi a Ingila, yana ɗauke da jar rana a tsakiyar farin. Alƙalan gasar suka cire ranar, aka bar kore da fari da kore, abin da yaro zai iya zanawa, a kuma gane shi daga nesa.

Haruffa ma suna da nasu ilimin. Ɗalibi yakan zana su da hannu domin ya gane cewa tazarar da ke tsakaninsu da ido ake daidaita ta, domin harafi mai da'ira da mai miƙaƙƙen gefe ba sa barin sarari iri ɗaya. Ga mai aiki da Hausa akwai ƙarin nauyi, wato haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ. Idan salon haruffan da aka zaɓa ba shi da su, ko ƙugiyar ta yi ƙanƙanta har ta ɓace a bugu, to baƙi ya zama baki, ɗaki ya zama daki.

Zaman sharhi

Bayan kowane aiki akan manna zanen kowa a bango, malami da ɗalibai su zauna su tattauna. Ba a wadatuwa da cewa ya yi kyau ko bai yi ba. Dole mai magana ya faɗi inda idonsa ya fara sauka, da inda ya maƙale, da dalili. Wannan zama yana da zafi ga sabon shiga, amma yana yi wa zane irin aikin da maimaita gwaji yake yi wa kimiyya: abin da mai shi yake zaton ya faɗa, a nan ake gane ko ya isa ga wasu.

Gudummawar Zariya

A Nijeriya, tarihin koyar da zane a matakin gaba da sakandare ba ya cika sai an ambaci Zariya. A shekarar 1955 aka mai da sashen zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Nijeriya daga Ibadan zuwa Zariya, kwalejin da ta zama ginshiƙin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Malaman farko yawancinsu Turawan Ingila ne, manhajar kuma irin ta ƙasarsu. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Ba su ƙi koyon awo da launi da ƙa'idar nesa da kusa ba. Abin da suka nema shi ne a aurar da wannan ilimi da fasahar gargajiya ta al'ummominsu. Bayan yaƙin basasa, Okeke ya jagoranci sashen zane a Jami'ar Nsukka, inda ya sa nazarin uli, wato zanen jiki da na bango na matan Ibo, ya shiga cikin karatun ɗalibai.

Wannan tunani yana da amfani ga ɗalibin ƙasar Hausa, domin duk ƙa'idar da ake koyarwa a darussan tushe tana da misali a kusa da shi. Maimaici da daidaito suna cikin dagi da zanen magina a fuskar soraye. Aska takwas a ƙirjin babbar riga darasi ne a kan inda ake so ido ya sauka. Zayyanar da alaramma yake yi wa allo tana nuna yadda ake raba fili tsakanin rubutu da ado. Bakan gizon da Babban Gwani Mika'ilu ya ɗaura a Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19 kuwa shaida ce ta sanin halin ƙasa da azara, irin sanin da Albers yake nema ga ɗalibansa da takarda.

Kammalawa

A yau mafi yawan aikin girafik da kwamfuta ake yin sa, har an sami manhajojin da suke ƙirƙiro hoto daga umarnin rubutu. Duk da haka makarantu ba su daina fara wa ɗalibai da gawayi da almakashi ba, domin na'ura tana iya kawo hoto ɗari cikin minti guda, amma sai mai horarren ido ne zai san wanda ya isar da saƙo. Ɗalibin sakandare da yake sha'awar wannan fanni yana iya fara shiri tun yanzu: ya tanadi littafin zane, ya riƙa zana abin da ke gabansa kullum, buta ko takalmi ko hannunsa na hagu, ya kuma riƙe lissafi da kimiyyar haske da muhimmanci. Malamin kimiyya da malamin zane kuwa, in suka haɗa aji ɗaya a ranar darasin haske, gilashi mai kusurwa uku da 'yan takardu masu launi sun ishe su.